Ƙafata da Rantsuwar Yaya Garba

Na sha jin kuna faɗa a tsakaninku, kuna sassauta murya don kada in ji, wai Baffanku Garba ne ya kore ni daga gidanmu na Kurfi lokacin da na gurgunce. Kunnuwana sun yi nauyi, amma ba su kai nauyin da kuke zato ba. Ban san wanda ya fara dasa muku wannan magana ba, ba na kuma neman sani. Abin da na sani shi ne mutumin yana kabari, ba zai iya kare kansa ba, ni kuwa da sauran numfashina. Yaya Garba bai kore ni ba. In ma akwai abin da ya yi mini, to so ne ya yi masa yawa har ya kusa kashe ni a zaune. Ku karanta wannan a natse, musamman ku da kuka kewaye jikana Nura da matasai da kwanonin farfesu tun da babur ya kayar da shi, ko buta ba kwa bari ya ɗauka da kansa.

Gidanmu gidan magina ne tun kakanni. Da mahaifinmu ya rasu, Yaya Garba ya gaji girman gidan da na sana'ar, muka ci gaba da zaman gandu: rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, da damina mu yi noma, da rani mu yi gini. Ku da kuka tashi kuka tarar da bulo da siminti ba ku san ginin ƙasa yana da tsani irin nasa ba. Kowa daga ramin kwaɓi yake farawa, inda ake zuba wa ƙasa ruwa, a watsa mata yankakkiyar ciyawar da muke kira ramno, a yi ta tattakawa da ƙafa har ta yi danƙo. In an ga hankalinka, sai a matsar da kai wajen mulmula tubali. Daga nan ka zama mai jefa tubali sama. A ƙarshe, in Allah ya yi, ka hau bango ka zauna a kansa kamar mai hawan jaki, ana jefo maka kana cafewa kana jerawa. A nan ne ake kiranka magini. Wanda kuwa ya hau bango ba ya sake komawa rami, ko da wasa, don abin kunya ne gare shi da gidansu. Ni na hau da wuri, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ji da kaina. Da hannu ɗaya nake cafe tubali, ina hira da na kusa da ni, ko kallon mai jefowa ba na yi.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba abin ya faru. Bazara ce, muna gina wa wani mai sayen gyaɗa soro a cikin Kurfi. A ginin ƙasa, in ka ɗora 'yan layuka sai ka dakata su bushe kafin ka ƙara wasu. Ran nan na dafa bangon da tafin hannu, na ji da sauran sanyi a cikinsa, na gaya wa Yaya. Shi ma ya dafa, ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Hau mu ƙarasa, Isiyaku. Ka ga gabas? In ruwa ya iske mu a haka, aikin rani duka ya tahi."

Na hau, domin da ni ne babba, abin da zan faɗa ke nan. Hadari ya haɗu, mai gida yana tsaye a kanmu, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ban jera da yawa ba na ji bangon ya numfasa a ƙarƙashina. Na tafi da shi gaba ɗaya, wata azara da aka jingina ta biyo ni ta sauka a kan cinyata ta hagu. Ƙarar da ƙashin ya yi, har waɗanda ke cikin rami sun ji ta.

Aka ɗauke ni a kan ƙyauren ƙofa zuwa gida, aka aika wa Ɗan Tsoho, maɗorin da duk yankinmu ya yarda da hannunsa. Ƙarti suka danne ni, ya ja ƙafar, ya jera kara ya ɗaure. Ba zan ba ku labarin wannan azaba ba, Allah kada ya nuna muku. Da na farfaɗo, zaure cike yake da mutane, har da liman. Yaya Garba yana durƙushe a gefena, ƙasar gini ta bushe a gemunsa. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da aka binne mahaifinmu, sai ga shi yana share ido da hannun riga. Ya miƙe tsaye ya ɗaga murya.

"Jama'a ku shaida. Ni na ce shi hau. Wallahi tallahi, muddin ina numfashi, Isiyaku ba shi ƙara taɓa ƙasar gini. Ni zan ci da shi, in sha da shi, da shi da iyalinshi, har ƙasa ta ruhe idona."

Kowa ya ce madalla, ɗan'uwa rabin jiki. Ni kaina kuka na yi don godiya. Babu wanda ya ga wani aibu a wannan magana ranar, kuma da wani ya gani ya faɗa, da ni zan fara zaginsa.

Ya kuwa cika alkawari har ya zarce. A farkon jinyar, shi da kansa yake ciccibata ya kai ni bayan gida, babban mutum mai mata da 'ya'ya. Ranar kasuwa ba ta wucewa bai shigo da nama ba. Furata daban ake damawa, da nono mai kauri. Ya sa aka shimfiɗa mini buzu a zaure, wurin da iska ta fi shiga. Da damina ta yi nisa, Ɗan Tsoho ya dawo ya kwance ɗorin. Na dubi ƙafata ban gane ta ba. Ta gajarce kaɗan, ta motse kamar muciya, gwiwar kuma ta ƙi lanƙwasuwa. Tsohon ya lallatsa ta, ya gyaɗa kai.

"Nawa aikin ya ƙare, ƙashi ya kama. Nama da jijiya kuwa ba ni ke ɗora su ba, taku ke ɗora su. Ka ba ta abin yi, kaɗan-kaɗan."

"Ai shina takawa, Baba," in ji Yaya. "Daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa ɗaki. Mi ya hi wannan?"

Ɗan Tsoho ya dube shi, ya dube ni, ya ɗauki jakarsa. Ba mutum ne mai maimaita magana ba.

A nan ne ainihin ciwona ya fara, bayan an ce na warke. Da sassafe gida ya watse, maza su tafi gona, a bar ni da kaji. In yi gyangyaɗi da hantsi, in yi bayan azahar, in dare ya yi kuma idona biyu. Naman da Yaya ke sayowa ya koma mini kamar ina tauna tsumma. Cikina ya ɗaure. Ƙafar da ba ta je ko'ina ba, kafin la'asar ta kumbura. Salla a zaune nake yi, ina ishara da kai kamar ɗan shekara tamanin, alhali ban fi talatin ba. Masu wucewa su leƙo su ce sannu. Sannu tana da daɗi a makon farko, amma in ta zama ita kaɗai ce maganar da ake yi da kai, sai ka ji kamar ana yi maka ta'aziyyar kanka. Babu mai tambayata ko ƙasar wuri kaza za ta yi gini, babu mai yi mini musu a kan komai. In na faɗi shirme ma sai a ce haka ne. Da can Isiyaku magini ake ce mini, sai na ji yaran unguwa suna kwatance da ni, wai gidan mutumin nan na zaure. Raina ya ƙuntata, na zama mafaɗaci. Innarku Rabi ce ta sha wannan, domin ita kaɗai nake iya yi wa tsawa. In ta kawo ruwa in ce ya yi sanyi, in ta ɗumama in ce so take ta ƙona ni. Na tsani kaina a lokacin nan, kuma akwai ranakun da na yi ta tunanin da bangon ya ƙarasa ni da kowa ya huta.

Kun san Innarku a tsufanta, mai carbi da sanyin murya. Ba ku san ta tana da ƙuruciya ba. Ba ta musu, ba ta ɗaga murya, amma in ta nufi wuri sai ta kai, ko ta bayan gida ne. Ruwan ƙarshen damina ya kayar da 'yar katangar makewayinmu, aka kafa zana a wurin, Yaya ya ce a bari sai an gama kaka. Wata safiya maza sun tafi yankan gero, ina zaune a ƙofar ɗaki, sai na ga ta tara ƙasar da ta zube, tana farfasa ta da taɓarya. Ta juye mata tulu guda, ta ƙara wani, ta tattare zane ta shiga tana tsalle-tsalle a ciki. Na kau da kai. Na sake dubawa. Abin ya fi ƙarfina.

"Ke, mi kike yi haka? Gini za ki yi ko kunu za ki dama?"

"Gini, Malam. Na gaji da wanka bayan zana, awaki na leƙe na."

"Ruwan ya yi yawa! Ina ramno? Kuma wa ya ce maki da yatsu ake taka ƙasa? Da diddige ake bi, daga gehe a shigo ciki."

"To ni ina zan sani? Ubana majemi ne. Maginin da nike da shi kuwa an ce ajiya ne, ba a taɓawa."

Ta ci gaba da ɓarnarta, ko kallona ba ta yi. Ban san lokacin da na jawo sanda na miƙe ba. Niyyata in nuna mata sau ɗaya in koma. Na sa ƙafar dama, na jawo ta hagu na tsoma. Sanyin ƙasar nan ya ratsa ni har ƙeya. Kwaɓi yana da wani hali: in ka danna ƙafa sai ya riƙe ta, ba za ka zare ta ba sai ka lanƙwasa gwiwa, ko kana so ko ba ka so. Gwiwar da ta yi watanni a sandare ta ce ba ta san zancen ba. Na ji zafi har na ciji leɓe, amma na zare ta, na sake dannawa. Rabi ta fita daga ciki, ta je ta yanko ciyawa. Ban daɗe ba na fito, gumi ya jiƙe ni sharkaf. Ranar na cinye tuwona na karɓi nata, na kuma yi barcin da sai da ta girgiza ni kafin na tashi sallar asuba.

Haka muka riƙa yi kullum in gida ya watse, yau kaɗan, gobe a ɗan ƙara. Ranar da ƙafar ta yi tsami sai in zauna in mulmula tubali, ita tana shanyawa. Ɗan Tsoho ya biyo wata ranar kasuwa, ya tarar da ni da ƙasa har gwiwa, ya yi dariya har da tari. Na tambaye shi ko zafin da nake ji ba zai sake karya ƙashin ba.

"Ciwo iri biyu ne," in ji shi. "Wanda in ka huta shi tahi, wannan abokin aiki ne, kada ka ji tsoron shi. Wanda ke kwana da kai shi tashi da kai, shi ne ke cewa ka yi gaggawa. In ka ji shi, ka dakata, ka aiko a kira ni."

Zance ba ya ɓuya a gidan gandu. Wata la'asar Yaya Garba ya zagayo bayan ɗakinmu, ya tarar da tubala a shanye. Bai tambayi wanda ya yi su ba. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu, domin ya san mulmulata kamar yadda ya san fuskata. Ya ajiye shi a hankali, ya ce in same shi a zaure.

"Isiyaku, gaban liman na rantse. So kake a ce Garba ya karya ƙaninshi, sannan ya maishe shi rami kamar ɗan koyo?"

"Yaya, dubi ƙahwar." Na lanƙwasa gwiwar a gabansa, abin da ban iya ba wata guda da ya wuce. "Ba magani na sha ba. Ƙasa ce ta yi wannan."

"Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Hwaɗa mani, mi ka rasa a gidanga? In akwai, gobe in kawo."

"Yunwa na rasa, Yaya, da gajiya. Su kuwa ba a sayo su a kasuwa."

Har na zaci ya sauko. Sannan ya ce muddin shi ne babba a gidan, ba zan taɓa ƙasa ba, kuma maganar ta ƙare. Washegari ya turo ma'aikatansa suka tayar da katangar kafin azahar, da tubalan da na yi, suka kwashe ragowar ƙasar suka share wurin tas. Ba da mugunta ya yi ba. Gani yake ya ɗauke wa mai zazzaɓi tulun ruwan sanyi.

Na koma kan buzuna, don ban taɓa saɓa masa ba tun ina yaro. Kafin a gama kai amfanin gona rumbu, gwiwar ta fara komawa gidan jiya, barci ya gudu, Rabi ta fara shan tsawa. Wannan karon na san abin da ke damuna, na kuma san maganinsa, ga shi nan a bayan ɗaki an hana ni. Sai Rabi ta kawo shawarar mu je mu ga kawunta Malam Sa'idu, mai makarantar allo a Dutsin-Ma. Muka bi motar kasuwa muka je. Malam ya saurare ni har na gama, sannan ya ce addini bai ɗaure mutum da rantsuwar da ta koma cutarwa ba. In wanda ya rantse ya ga abin da ya fi alheri, sai ya bi shi, ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai, in ba shi da hali ya yi azumi. Bai tsaya nan ba, ya hau jakinsa ya zo Kurfi da kansa. Yaya ya karɓe shi da girma, ya sa aka yanka masa zakara, ya zauna a ƙasa ya ji bayani. Ina gefe ina saurare.

"Allah gafarta Malam, na ji, kuma ban musa ba," in ji Yaya. "Amma ba rantsuwar ce kaɗai ba. In na ruhe ido, ganin shi nike shina hwaɗowa. Ba ni iya tsayawa in kalli wannan sau biyu."

Malam ya miƙe, don babu littafin da ke maganin wannan. Da zai tafi ya ja ni gefe, ya ce akwai ɗaki a gidansa, kuma ya san wani magini a Dutsin-Ma, Na'Allah, mai sauƙin kai. Shawara ta rage gare ni.

Na daɗe ina juya ta. Fita daga gandu a wancan zamani ba ƙaramin abu ba ne. Ka bar gonar ubanka, ka bar sunan gidanku, ka je garin da za a tambaye ka ɗan wane ne kai. Ga shi kuma mutumin da zan juya wa baya shi ne ya goya ni zuwa bayan gida. Amma na dubi shekarun da ke gabana a kan buzun nan, na ga ba zan kai ko'ina ba, kuma zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Na je na durƙusa na gaya masa. Bai yi faɗa ba, bai kuma ce in zauna ba. Ranar tafiya ya sa aka ɗora wa jakuna taikunan gero da dawa fiye da rabona. Ya rako mu ƙofar gida, ya ce Allah shi kiyaye hanya, idonsa yana kan jakunan. Mutanen unguwa suka ga gurgu da sanda, da matarsa da kayan ɗaki, sun nufi hanyar Dutsin-Ma, babban wansa kuma ya juya ya shige gida. Suka haɗa labarinsu. Ina jin daga nan ne maganar da kuka gada ta samo asali.

Na'Allah ya karɓe ni a kan sharaɗin da ni na kawo: in shiga rami da safe, in rana ta take in fito in zauna wajen tubali. Ranar farko da na tattare wando na shiga cikin 'yan kwaɓi, kowa ya bi ni da kallo, domin akwai waɗanda suka san ni a kan bango. Na ji kunya, ba zan ce ban ji ba. Wani mai baki a cikinsu ya ce yau ga ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Na ce masa ungulun nan za ta koya maka taka ƙasa, don naka kwaɓin ko kaza ba za a gina wa akurki da shi ba. Aka yi dariya, shi ke nan na zama ɗaya daga cikinsu. Na yi kewar a tsokane ni fiye da yadda na sani.

Kada ku zaci abin ya tafi sumul. Akwai ranar da na ji ƙarfi na ƙi fita daga rami har la'asar, ƙafar ta kumbura ta kwana tana zugi, na yi kwanaki a kwance ina jin haushin kaina. Na tuna maganar Ɗan Tsoho, na koma kaɗan-kaɗan. Amma cinyar ta fara cikowa. Na fara manta sandata a wurin aiki, sai an biyo ni da ita, har wata rana na ce su bar ta can. Abin da ba zan manta ba shi ne wata sallar magariba a masallacin Malam. Aka tayar da iƙama, na miƙe cikin sahu ba tare da na yi shawara da kowa ba, na yi ruku'u, na kai goshina ƙasa. Rabon da in yi sujada tun ranar da na faɗo. Na daɗe ban ɗago ba, har na kusa da ni ya taɓa ni. Ƙafar dai ba ta koma tsawonta ba, ɗingishin da kuka san ni da shi ke nan, amma ta ɗauke ni shekara da shekaru ba ta kai ƙarata wurin kowa ba.

Abin da bai warke ba shi ne tsakanina da Yaya. Duk wata sai ga jaki daga Kurfi da taikin hatsi, babu saƙo, babu gaisuwa. Ban taɓa mayarwa ba, don na san in na mayar na yanke igiyar da ta rage. Mun haɗu a wata jana'iza, muka yi musafaha, ya tambayi iyali, na tambayi iyali. Ya saci kallon ƙafata, ya ga babu sanda, bai ce komai ba. Wannan shirun ya fi karayar yi mini ciwo. Sau da yawa ina cikin rami sai in ji ina ba shi labari a zuciyata, yau na yi kaza, yau gwiwa ta kai nan.

Da bazara ta zagayo, Malam Sa'idu ya ba Na'Allah aikin sabon zauren makarantarsa. Da bango ya kai kafaɗa, Na'Allah ya jingina tsani ya ce mini bismilla. Na dafa bangon, na zagaya shi ina dafawa, ya bushe ƙayau. Duk da haka sai da na sake dafa shi kafin na sa ƙafa a tsanin. Na hau, na wurga ƙafar hagu ta haye, na zauna. Tubalin farko da aka jefo ya wuce ni, na biyu na cafe shi da hannu biyu kamar sabon shiga. Kafin hantsi hannuna ya tuna aikinsa.

Kwana biyu bayan haka, ranar kasuwar Dutsin-Ma, ina sama rana ta fara zafi, na hango mutum tsaye a gindin tsamiyar da ke ƙofar makarantar. Ko daga nesa na san tsayuwar. Ban san ko Malam ne ya aika masa ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Ya daɗe a wurin. Ni kuma na ci gaba da aiki, ina jiran ya ce in sauko, ina kuma tunanin abin da zan ce masa a gaban mutane. Can ya tako. Bai dube ni ba. Ya dafa bangon da tafin hannu, ya matsa gaba ya sake dafawa, har ya kewaye shi. Sannan ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a tsani, ya ce wa mai jefa mini tubali ya matsa. Babban maginin Kurfi, wanda rabonsa da jefa wa wani tubali tun ina yaro, ya sunkuya ya ɗauki tubali. Kowa ya bar abin da yake yi. Ya jefo shi a hankali, kusa-kusa, kamar mai miƙa wa jariri.

"Yaya, jeho da ƙarhi. Ba ƙwai ba ne."

Ya jefo da ƙarfi. Na cafe da hannu ɗaya.

Muka yi ta yi har gumi ya jiƙa masa taguwa. Rabi ta ji labari, ta aiko da ƙwaryar fura daga cikin gida, Malam da kansa ya karɓa ya miƙa masa. Yaya ya girgiza kai.

"Azumi nike, Allah gafarta Malam. Ciyarwar da kuka ce, na yi ta tun makon jiya. Wanga ni na ƙara ma kaina."

Ba watan azumi ba ne, ga zafin bazara, ga tafiya tun daga Kurfi. Na kau da fuska wajen dutsen garin, don kada ma'aikata su ga idona. Da na juyo, ya ja da baya yana kallon bangon, ya kanne ido ɗaya kamar yadda mahaifinmu ke yi.

"Isiyaku."

"Na'am, Yaya."

"Layin nan na hagunka ya karkace. Haka na koya maka? Ko ƙahwar ce ta hau kai?"

Shekara guda ke nan cur babu wanda ya yi mini faɗa a kan aiki. Na sunkuya na duba, wallahi ya karkace. Na rushe shi na sake, shi kuma yana ƙasa da tubali a hannu yana jira in gama.